Buta ɗaya, hannu shida: yadda za ki koya wa yara salon zane

"Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, muna zaune a Agege. Ɗana mai shekara 10 yana aji biyar na firamare, tun yana ƙarami ba ya rabuwa da fensir. Kwanan nan aka ba su aikin gida, wai su kawo bayani a kan imfireshanizim da kubizim da wani wai abstirak. Muka duba a waya, ni kaina ban gane komai ba, wasu zanen ma kamar ƙanwarsa mai shekara 5 ce ta yi su. Shi kuma yanzu duk abin da ya zana, in bai yi kama da hoto ba, sai ya yage takardar. Ta yaya zan koya musu waɗannan salo-salo a gida? Sannan mahaifinsu ba ya son zanen mutane da dabbobi."

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

In na fahimce ki, kina neman hanyar da za ki nuna wa yara cewa zane ba fuska ɗaya gare shi ba, alhali ke kanki sunayen da aka rubuto baƙi ne a kunnenki. Sai dai a cikin saƙonki akwai abin da ya fi aikin gidan tsaya mini a rai, wato yagar takardar nan. Aikin gida za a miƙa shi a manta. Yaron da ya fara yaga zanensa kuwa, in ba a tare shi ba, nan da shekara biyu zai ajiye fensir ya ce shi bai iya ba. Alhamdu lillahi, maganin biyun ɗaya ne. Na karanta zane a Zariya, na kuma daɗe ina koyar da 'yan firamare da na ƙaramar sakandare a nan Legas, don haka yawancin abin da zan faɗa daga aji na ɗebo shi.

Bari in fara cire miki tsoron kalmar. Salo ba komai ba ne illa abin da mu muke kira hannu. In amarya ta miƙo miki tafinta, kina iya cewa wannan jan lalle ne na salatif, wancan baƙi ne mai furanni, har ki ce wance ce ta yi shi, don kin san yadda take lanƙwasa ganye. Maigidanki yana hango hula daga nesa ya ce zanna bukar ce. Ba wanda ya zaunar da ku a aji. Ido ne ya ga da yawa, ya kwatanta, ya gane. Haka ake koyon salon zane, ba wata hanya.

Ni kaina sai da na yi kuskure kafin in gane haka. A shekarata ta farko da koyarwa na cika allo da sunaye da shekaru, yara suka haddace tas, suka ci jarrabawa. Da aka dawo hutu na ɗaga musu hoto biyu na ce wane ne wane, aji ya yi tsit. Tun daga ranar na mai da suna ya zama abu na ƙarshe. Ai ko jariri sai an gan shi kwana bakwai ake raɗa masa suna.

Dalilin da ya sa yake yaga takarda

Ƙaramin yaro ba abin da yake gani yake zanawa ba, abin da ya sani yake zanawa. Shi ya sa 'yarki za ta zana ki kin fi gidan girma, don a wurinta kin fi shi. Ba ta damu da kama ba, kuma ba ta jin kunya. Amma daga wajen shekara 9 zuwa 11 idon yaro yakan riga hannunsa girma. Ya fara ganin inuwa da nisa da yadda abu yake ƙanƙancewa in ya yi baya, hannun kuma bai kai ya fitar da su ba. Haushin wannan tazarar ne yake sauke wa takarda.

Ga kuma waya. Abin da ya fi yawo a cikinta shi ne masu zanen fensir da ke fitar da fuska har da zufa da ramukan fata. Wataƙila kin tuna yaron nan Kareem Waris, ɗan shekara 11, da ya zana shugaban Faransa Macron a Ikeja a 2018. Wannan gwaninta ce, ban raina ta ba. Illarta kawai, yaro yakan ɗauka cewa ita kaɗai ce zane, duk abin da bai kai ta ba shirme ne. Ranar da ya gane cewa kamanni zaɓi ne guda cikin zaɓuɓɓuka da yawa, kuma manyan gwanaye sun iya shi suka bar shi da gangan, ranar hannunsa zai saki.

Abin da ya haifi sunayen nan uku

Yara sun fi riƙe salo in an ba su labarin dalilinsa. Ɗaruruwan shekaru aikin mai zane a Turai shi ne aikin da kamara ke yi yau: sarakuna da attajirai da coci su biya shi ya fitar da kamanni. A 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa. A 1841 kuma aka ƙirƙiro bututun matsa fenti irin na man goge baki, wanda ya sauƙaƙa wa mai zane ya ɗauki kayansa ya fita fili. Waɗannan biyun suna cikin abin da ya sa wasu matasa a Faris suka daina tambayar yadda abu yake, suka koma tambayar yadda haske yake sauka a kansa a wannan sa'ar. Suka riƙa dangwala fenti da sauri kafin rana ta juya, ba sa tsayawa gyara gefe. Da suka baje kolinsu a 1874, wani ɗan jarida ya yi wa zanen Claude Monet na fitowar rana ba'a, daga ba'ar nan sunan imfireshanizim ya fito. Monet ɗin nan ya zana tarin dammunan hatsi na wata gona kusan sau 25, da safe, da yamma, da rani, da ƙanƙara. Damin bai canza ba, hasken ne ya canza. In ɗanki ya riƙe wannan kaɗai, ya gane salon.

Kubizim kuma akwai hannun Afirka a ciki. A 1907 Pablo Picasso, ɗan Sifen mazaunin Faris, ya shiga wani gidan tarihi da aka tara sassaƙe-sassaƙen da 'yan mulkin mallaka suka kwaso daga nahiyarmu. Ya ga masassaƙin Afirka ba ya kwaikwayon fuska, yana mai da hanci kusurwa, ido tsaga ko da'ira, kuma abin yana da kwarjini fiye da kamanni. Shi da abokinsa Georges Braque suka shiga farfasa abu a zane, suna nuna gabansa da gefensa da samansa a lokaci guda, kamar mai zanen yana zagaya shi. Ki gaya wa ɗanki cewa mahaifin Picasso malamin zane ne, kuma tun yana ɗan shekara 15 yana zana mutum kamar ya yi magana. Ya iya ne ya bari.

Abstirak shi ne zanen da ba hoton komai ba ne, layi ne da launi da tsari kawai. Wassily Kandinsky na Rasha yana cikin waɗanda suka fara shi a Turai wajen 1911, sai Piet Mondrian na Holan da baƙaƙen layukansa da ja da shuɗi da rawaya. Game da cewar da kika yi kamar 'yarki ce ta yi su, ba ki yi ƙarya duka ba. Akwai irin wannan zanen da ni ma in na tsaya a gabansa ba ya ce mini komai, kuma ba dole ba ne ki so shi. Amma ki ɗauko faifan da kike rufe ƙwarya da shi ki duba saƙarsa. Hoton me ne? Ba na komai ba. Kyansa a jerin launi yake da daidaiton zagaye. Abin da Turai ta zo tana gardama a kansa a ƙarni na 20, kakanninmu mata sun daɗe suna saƙa shi da kaba. Sunayen masu zanen na bar su yadda ake rubuta su ne don ki iya nemo aikinsu a waya.

Darasin buta

Ga abin da nake yi a aji, kuma ya fi kowace dabara yi mini aiki. A zaɓi abu guda a yi ta zana shi da hannu daban-daban, mako-mako. Na fi son buta, domin kowane gida akwai ta, tana da ciki da wuya da hanci da mariƙi, ba ta ruɓewa kamar mangwaro, kuma ba ta da rai, maigida ba zai yi magana ba.

Makon farko a ba yaro abin da ransa ke so, wato kamanni. A ajiye butar kusa da taga, haske ya zo ta gefe ɗaya, ya zana da fensir ko gawayi. Abu ɗaya za ki nuna masa: ina ne ya fi haske, ina ne ya fi duhu. Ya runtse ido kaɗan zai ga sun rabu. Kada ki ɗora hannunki a takardarsa ki gyara. In za ki nuna, ki nuna a wata takarda.

Mako na biyu a hana shi ja layi sam. Dangwale kawai, da buroshi ko ɗan yatsa. Ya yi ɗaya da hantsi, ya yi ɗaya bayan la'asar, butar tana wuri ɗaya. Ki ɗauke baƙin fenti daga gabansa ki tambaye shi launin inuwar. Zai ce baƙa ce. Ki ce ya ƙara dubawa. Na sha ganin yaro ya yi shiru na minti guda sannan ya ɗago da mamaki ya ce, "Malam, akwai shuɗi a ciki." Sai bayan ya gama za ki buɗe masa dammunan Monet a waya, ki faɗi sunan. Zai kalle su kallon wanda ya san wahalar aikin.

Wani makon a yi ta da ɗige-ɗige, da tsinken audugar goge kunne, irin na Georges Seurat wanda ya shafe shekara biyu, 1884 zuwa 1886, a kan babban zanensa guda. A jera ɗigon launi biyu kusa da juna ba tare da an gauraya ba, a ja da baya zuwa bakin ƙofa a ga yadda ido ke haɗa su da kansa. Wannan yana cin haƙuri, a yi shi a ƙaramar takarda.

Na kubizim shi ne wanda yara suka fi so, kuma shi ne maganin ɗanki. Ya zana butar sau uku: ta gefe, ta sama yana leƙa bakinta, ta gaba hancin yana kallonsa. Sannan ki ba shi almakashi ya yayyanka ukun, ya sake haɗa gutsattsarin a kwali guda da gam, ya cike giɓin da guntun jarida ko ƙyallen atamfa daga shagon tela. Yaron da ke yaga takarda don haushi, yau an ce ya yanka ta don aiki. Wani yaro da na koyar, mai saurin kuka in zane ya karkace, a wannan darasin na fara jin dariyarsa.

Na biyar na ƙaramar ne, ita kada a dame ta da ko ɗaya cikin sunayen nan. A ba ta takardu masu launi ta yanka ta manna, irin abin da Henri Matisse ya koma yi a ƙarshen rayuwarsa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta hana shi tsayuwa mai tsawo. In ta kawo miki, kada ki ce me kika zana, ki ce ba ni labarinsa.

Na shida kuma namu ne: butar a shimfiɗe ba inuwa, cikinta cike da dagi da aska da sauran adon babbar riga. Ya ɗauko rigar babansa ya ɗora ta a gabansa ya bi zaren da ido, ya ga inda igiyar dagi ta bi ta sama da inda ta bi ta ƙasa. Ya fi yadda ake zato wuya. Da an gama shidan a manna su a bango a jere, a tambaye shi wacce ce butar gaskiya.

Kayan aiki kada su tsorata ki. Bayan tsohuwar kalanda, kwalin taliya, gawayi daga wurin mai tsire, ruwan zoɓo mai kauri don ja, kurkum don rawaya, bulun wanki don shuɗi. In za ki sayi fenti, ja da shuɗi da rawaya da fari sun isa, sauran ya haɗa da kansa. Ki dai lura da damshin Legas: da damina fentin ruwa ba ya bushewa da wuri, siririyar takarda kuma tana kumbura, don haka kwali ya fi.

Kada a tsaya a Turai

Abin da ke ba ni haushi da irin wannan aikin gida shi ne yakan bar yaro da tunanin salo kayan Bature ne. Tarihin bai ce haka ba. Kawunan tagulla da aka tono a Ife a 1938 suna da kamanni na ban mamaki, kuma an yi su ne ɗaruruwan shekaru kafin mulkin mallaka. Na yumɓun Nok, a kudancin Kaduna, sun girme su da sama da shekara dubu, su kuma da idanu masu kusurwa uku da huda a tsakiya. Ki ajiye hoton ɗaya kusa da ɗaya, kin sami darasin kamanni da na sarrafa siffa ba tare da kin fita Najeriya ba.

A nan Legas Aina Onabolu ya shigar da darasin zane makarantu, bayan ya dawo daga karatu a Landan da Faris a 1922, kuma salonsa na kamanni ne zalla. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce za su ɗauki dabarar Bature su haɗa da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Grillo, haifaffen Legas, wanda ya daɗe yana jagorantar sashen zane a kwalejin Yaba kuma ya rasu a 2021, ya shahara da shuɗi da siffofi masu kusurwa. Ki nuna wa ɗanki shi bayan darasin yanka, zai ga dangantakar da kansa. Sannan ki ciro naira 20 ki juya bayanta, ga Ladi Kwali tana ginin tukunya.

Titi ma aji ne. Adon da ke jikin manyan motocin da ke sauke kaya a Mile 12, allon shagon aski, adiren Yarabawa da ake ɗaure wa ko a shafa wa sitaci kafin a tsoma a shuni, kowanne hannu ne. In kun maƙale a cunkoso cikin danfo, ku yi wasan nemo salo ta taga.

Maganar zanen abu mai rai

Wannan fatawa ce, kuma ni malamin zane ne, ba na fiƙihu ba. Malamai sun yi magana a kai, sun kuma bambanta a wasu rassan, don haka ku tambayi malamin da kuka amince da shi, ku bi abin da maigida ya natsu da shi. Abin da zan iya tabbatar miki daga ɓangarena shi ne duk darussan da na faɗa za a yi su ba tare da an zana ko ƙuda ba. Kuma Musulmi suna da nasu babban fage. Akwai zayyanar allon sauka, da rubutun alƙalamin kara da tawada, da adon bangon gidajen Kano da Zariya, da bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Adon lissafi na fadar Alhambra a Andalus shi ne ya ja hankalin M. C. Escher na Holan, wanda ya je can a 1922 ya sake komawa a 1936, ya kwafi tsarin, ya gina aikinsa a kai. Yaro mai shekara 10 da kamfas da rula zai iya fitar da tauraro mai kusurwa shida ko takwas, daga nan ya cika shafi. Lissafinsa ma zai amfana. Abin da ba zan ɓoye miki ba, in ya girma ya ce zai karanta zane a babbar makaranta, zanen mutum yana cikin manhaja, kuma nan ne ku da shi za ku zauna ku yanke shawara.

Ko sau ɗaya a hutu ku fita ku ga aikin ido da ido, don waya tana mai da zane mai girman bango ya koma tafin hannu, tana kuma ɓoye kaurin fenti. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, yana da kayan Nok da Ife da Benin, ko da yake ki shirya, yara sun fi rugawa wurin motar da aka harbi Janar Murtala a cikinta a 1976. Gidan zane na Nike da ke Lekki cike yake tun daga ƙasa har sama. Yawancin abin da ke wuraren nan surar mutane ce, don haka ki shawarci maigida tukuna. Daga Agege tafiya ce, ku yi sammako. In kun shiga kada ku ce sai kun ga komai. Kowane yaro ya zaɓi biyu, wanda ya fi so da wanda ya fi ƙi, ya faɗi dalili.

Ban ga zanen ɗanki ba, kuma yara ba ɗaya suke ba. Akwai wanda bayan duk wannan zai ce shi dai kamannin yake so. In haka ne a bar shi, a nema masa wanda zai koya masa inuwa da ma'auni da kyau. Ki dai sa masa doka guda, ba a yaga takarda a gidan nan: a rubuta kwanan wata a bayanta a jefa a kwali, bayan wata uku a zazzage a duba tare. Aikin gidan kuma, in lokaci ya ƙure, ya raba shafi uku, ya yi ƙaramar buta ta dangwale, da ta gutsattsari, da ta ado zalla, ya rubuta jimla biyu a ƙarƙashin kowacce da bakinsa, da sunan mutum ɗaya da shekara ɗaya.